Kwame na Amurka, Ɗan Asabe ne

Masu 'ya'ya da jikoki a Amurka, musamman a Bronx inda mutanen Nima da Maamobi suka yi yawa, sun sha jin ana kiran yaro baƙar fata Kwame, alhali iyayensa ko hanyar Gana ba su sani ba. To, ta ina sunan ya je musu?

Kwame sunan Akan ne, na namijin da aka haifa ran Asabar. Mu Ɗan Asabe muke cewa. Haka Kofi shi ne Ɗanjuma, Kwasi kuma Ɗanladi.

Tun zamanin cinikin bayi irin waɗannan sunaye suka ƙetare teku, daga Elmina da Cape Coast. A can bakin Bature ya lanƙwasa su, Kofi ya koma Cuffee, Kojo ya koma Cudjoe. Akwai wani ɗan kasuwa mai jiragen ruwa, Paul Cuffe, wanda sunan babansa Kofi ya ɗauka ya riƙe. Shi ne a 1815 ya kwaso mutum 38 ya kai su Saliyo. Amma mafi yawa an raba su da sunayensu, sai wanda ubangida ya ga dama ya laƙaba musu.

Sai ran 6 ga Maris 1957 Gana ta sami 'yanci a ƙarƙashin Kwame Nkrumah, wanda ya yi karatu a jami'ar Lincoln can Amurka. Martin Luther King da kansa ya zo Accra bikin. Daga nan sunan Kwame ya sami farin jini wurin baƙaƙen Amurka. Ɗan gwagwarmaya Stokely Carmichael ya ajiye nasa ya koma Kwame Ture, da shi kuma ya rasu a Conakry a 1998. Kun ga, uban da ya sa wa ɗansa Kwame a can, abin da aka ƙwace wa kakanninsa yake karɓowa.

Mu fa? Babu wanda ya ƙwace mana komai, da hannunmu muke zubarwa. Yau a Zango da wuya ka ji ana kiran jariri Tanko, wato namijin da ya biyo bayan mata, ko Gambo, mai bin tagwaye. Wai sunan ƙauye ne. Yaron ma da aka yanka wa rago ran suna aka raɗa masa Abdullahi, ka duba Facebook ɗinsa, wallahi ba za ka gane shi ba.

Hausawa sun ce suna linzami. Sunan yanka na nan, a zaɓi mai kyau kamar yadda addini ya koyar. Amma a bar kaka ta ƙara na gida, a kuma zaunar da yaro a gaya masa ma'anarsa, ko a Nima yake ko a Bronx. Wanda ya san ma'anar sunansa ba ya jin kunyarsa a gaban kowa.

Allah ya raya mana zuri'a. Sai wani makon.