Babban Inji Ba Ya Fitar da Mota Daga Taɓo

Sanin kowa ne cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noma ya bunƙasa a kudancin Jihar Kano. Sai dai amfanin gona ba ya kai kansa kasuwa. Daga ƙauyukan Bebeji da Kiru da Tudun Wada har zuwa duwatsun Riruwai a Doguwa, shinkafa da masara da rake sukan bi hanyoyin burji da na laka kafin su hau kwalta. Shekaru da dama motar da ta ɗauki wannan nauyi ita ce a-kori-kura ƙirar Peugeot, wadda jama'a ke kira Fijo.

Kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975, kuma tun kafin nan an shaidi juriyarsu, domin ƙirar 404 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Bayan an shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986, sabuwar mota ta gagari talaka, sai kanikawa suka koma raya tsofaffi da injunan da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam. Wannan fasaha ce abar yabo. Amma tare da ita wata fahimta ta yaɗu, wai motar da ke yawan kafewa a taɓo babban inji take buƙata. Kimiyya ba ta goyi bayan wannan ba, kuma kuskuren yana cin kuɗi, wani lokaci har da rai.

Abin da ke tura mota gaba shi ne riƙon da taya ke yi wa ƙasa. Tun a 1699 wani masani Bafaranshe mai suna Amontons ya bayyana cewa wannan riƙo yana ƙaruwa ne gwargwadon nauyin da ke danne abin da ake ja. Abu na biyu shi ne irin ƙasar. A busasshiyar kwalta taya tana iya turi da ƙarfin da ya kai kusan kashi 8 cikin 10 na nauyin da ke kanta, amma a taɓo mai santsi yakan faɗo zuwa wajen kashi 2 cikin 10. Alal misali, idan tayoyin baya suna ɗauke da kilo 600, a kwalta za su iya turin da ya yi daidai da kilo 480, a taɓo kuwa 120 kawai. Duk ƙarfin da inji ya bayar sama da wannan iyaka, juya taya zai yi a wuri ɗaya tana haƙa wa kanta rami. Ke nan ninka ƙarfin inji ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan 120 ɗin nan. Amma idan aka ɗora buhu uku masu kilo 100 daidai saitin tayoyin baya, turin zai tashi zuwa 180. Wannan ne dalilin da ya sa a-kori-kura marar kaya ta fi saurin kafewa, kuma shi ya sa yaran mota ke hawa bayanta idan ta fara watsa laka.

Sai kuma batun aksul na baya. A tsakiyarsa akwai wani ƙulli na haƙoran ƙarfe mai raba juyi tsakanin tayoyi biyu, domin a kwana tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya. Illarsa ita ce yana ba kowace taya ƙarfi daidai da na 'yar'uwarta. Idan ɗaya ta faɗa santsi, ita ma wadda ke kan tsandauri ba za ta samu fiye da ɗan abin da mai santsin ta iya riƙewa ba. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Tun a shekarun 1930 kamfanin ZF na Jamus ya ƙera irin wannan ƙulli mai taƙaita sulɓi don motocin tsere, kuma daga 1980 kamfanin Dangel na Faransa ya riƙa mayar da 504 mai jan taya huɗu. Wasu kuwa gajeriyar hanya suke bi, su yi wa haƙoran walda su haɗe su. Motar za ta fita daga taɓo, amma a kan kwalta, ɗauke da kaya, tayoyin za su riƙa gurzar ƙasa a kowace kwana, motar ta ƙi bin sitiyari, har sandar aksul ta iya karyewa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ilimin halittu yana da darasi a nan. Raƙumi ya fi jaki nauyi nesa ba kusa ba, amma ya fi shi sauƙin tafiya a rairayi, domin tafin ƙafarsa yana bajewa idan ya taka, nauyin ya rarrabu. Direban da ya ɗan rage iskar taya kafin shiga yashi ko laka, dabarar raƙumi ya ara. Sharaɗi shi ne ya mayar da iskar kafin ya hau kwalta, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaukar zafi ta fashe. Haka kuma taya mai zurfin zane tana tofar da laka ta kama ƙasa, abin da suɗaɗɗiyar taya ba za ta iya ba.

Wannan ba ya nufin sauya inji laifi ne. Injin da ya mutu dole a maye gurbinsa, kuma kanikawa suna da hujja idan suka ce na ainihi ya yi wuyar samu. Sai dai tun da Dakta Christiaan Barnard ya yi dashen zuciyar ɗan Adam na farko a Afirka ta Kudu a 1967, likitoci suna auna girman jikin mai bayarwa da na mai karɓa, domin zuciya ba ta aiki ita kaɗai. Haka inji yake. Injin fetur yana mayar da kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai na makamashin mai zuwa aiki, sauran zafi ne, don haka babban inji yana neman babban lagireto. Injin dizal ya fi nauyi, yana danne gaban mota, kuma ba ya saurin juyi kamar na fetur, saboda haka giyar da ta dace da ɗaya ba lallai ta dace da ɗayan ba. Kuloci da farfela da aksul duk an ƙera su ne daidai da injin asali. Mafi haɗari shi ne birki: idan gudu ya ninka sau biyu, tazarar tsayawa takan ninka sau huɗu. Motar da aka ƙara wa ƙarfi aka bar ta da tsohon birki, ta nufo gangara a hanyar Falgore da lodin masara da fasinjoji a kai, rayuka ta ɗauko a kan ƙaya.

Saboda haka, mai tsohuwar mota ya kamata ya bi gyara daki-daki: tayoyi masu kyau tukuna, sai birki da sifirin, sai tsara lodi a saitin aksul ba can ƙarshen bodi ba, inda yake ɗaga gaba ya raunana sitiyari. Inji ya zo a ƙarshe, kuma ya zama kusa da na asali a girma da nauyi. Wannan ƙa'ida ta shafi duk motar da ke ja da tayoyin baya, ko da ba Fijo ba ce.

Daga ƙarshe, akwai aiki a gaban malamai. Da bulo ɗaya da ma'aunin rataye da faranti biyu, ɗaya na busasshiyar ƙasa ɗaya na jiƙaƙƙiyar laka, ɗalibai za su iya auna riƙo da kansu, su ɗora bulo na biyu su ga yadda adadin ya ninka. Ya kamata makarantu su gayyaci bakanike ya buɗe aksul a gaban aji, shi ya nuna haƙoran, malami ya kawo lissafin. Yawancin ɗaliban wannan yanki 'ya'yan manoma ne da direbobi, kuma su ne za su kai wannan sani gida kafin damina ta sauka.