Taliya baƙuwa ce, miya ita ce ƴar gida

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dakwaro, arewa da Maraɗi, zai ga abubuwa biyu gab da juna: garken shanun da ake lodawa cikin manyan motoci zuwa Nijeriya, da kuma kwalayen taliya da gwangwanayen tumatir da ake saukewa daga ƙasashen waje. Naman yana fita da ƙafafunsa, abin da ke shigowa kuwa garin alkama ne da aka murza. Sau da yawa magidanci ya sayar da maraƙi, ya koma gida da taliyar da za a ci da mai da yaji kaɗai. Ciki ya cika, amma jiki bai samu abin gina shi ba, balle jikin yaro ƙarami.

Ba laifin taliya ba ne. Tana da saurin dafuwa, ba ta cin itace da yawa, ba ta buƙatar surfe ko daka, shi ya sa mata suka karɓe ta hannu biyu. Abin dubawa shi ne miyar da ake zuba mata.

A nan akwai darasi daga nesa. A birnin Sinsinati na jihar Ohayo, a Amurka, wasu ƴan'uwa biyu baƙi daga Makedoniya, Tom da John Kiradjieff, suka buɗe ɗan gidan abinci a 1922, suna zuba miyar naman sa mai kayan ƙamshi a kan taliya. A 1949 wani Bagirke, Nicholas Lambrinides, ya kafa gidan Skyline da irin wannan girki, har ya zama abincin da aka san birnin da shi. Yadda ake yinsa ba wuya. Ba a soya naman. Ana niƙa shi, a zuba cikin ruwa, a dama har ya warware, sannan a sa albasa da tafarnuwa da tumatir da barkono da kirfa da kanumfari da gishiri, a rage wuta, a bar shi yana dahuwa kamar awa 2 zuwa 3 har miyar ta yi kauri. A zuba a kan taliya, a barbaɗa cuku, mai so ya ƙara ɗanyar albasa da dafaffen wake.

To, a duba wannan jeri. Naman sa, Dakwaro ce gidansa, tun daga kwarin Tarka har Barmo. Wake, gonakin Kwarnaka suna ba da shi. Albasa ta Galmi ta yi suna har bakin teku, tattasai na Difa, kauɗar tumatir tana kowace kasuwa, cuku kuwa matan makiyaya ne ke shanya shi. Kirfa da kanumfari suna kan faifan mai koli tun zamanin ayari, ga kimba da masoro da citta a kai. In aka cire taliyar da kirfa da kanumfari, babu abin da sai an jira jirgin ruwa ya kawo. Ita ma taliyar, tun da daɗewa matan Hausa suna murza ta da hannu, kuma ana noman alkama a fadamun Kwanni da lambunan Abzin.

Wani zai ce nama ya yi wa talaka tsada. Gaskiya ne. Amma amfanin wannan girki shi ne yana faɗaɗa nama kaɗan: tsokar da mutum biyu za su cinye in an gasa, in aka niƙa ta aka haɗa da wake, sai ta ishe gida duka, yaro da tsoho marar haƙori kowa ya samu rabonsa. Yankin da ya ga yara suna ramewa a yunwar 2005, ya kuma ga shanu suna faɗuwa a farin 1973, da 1984, da 2010, bai kamata ya raina dabarar da ke kai nama bakin yaro ba.

Kayan aro ba ya rufe katara. Da aka karya darajar kuɗin sefa a Janairun 1994, kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Yaƙin Ukraine ya ɗaga farashin alkama a 2022, takunkumin CEDEAO kuma ya rufe iyakoki a 2023. Kowane karo, tukunyar da ta dogara da kwali ita ce ta fara yin sanyi.

Saboda haka akwai aiki a gaban kowa. Malaman yaƙi da jahilci su sa wannan girki cikin darasi, da awonsa a rubuce, don mai karatu ya karanta wa iyalinsa. Ƙungiyoyin mata su haɗa kuɗi su sayi injin niƙa nama da na murza taliya. Magadan gari da ma'aikatan kiwo su kula da tsabtar mahauta, domin niƙaƙƙen nama ba ya jure zafi, a dafa shi ranar da aka yanka. Masu ciyar da ƴan makaranta kuma su fara sayen wake da nama a kasuwar garinsu.

Baƙuwa ta zo, an yi mata maraba. Sai dai a tabbata miyar da za ta tarar ta fito daga garke da gonar ƴan ƙasa. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye dukiyar makiyaya.