Filin Mata: Keken Ɗinki Kaɗai Ba Zai Ishe Mu Ba

 Yau zancenmu a kan koyon sana'a ne, watau irin horon da a ke ba 'ya'yanmu a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da kuma inda ya dosa.

Ku lura da wani abu. Duk sa'ad da aka ce za a koya wa mata sana'a, tun ba a buɗe baki ba kun san abin da za a faɗa: ɗinki, saƙa, haɗa sabulu da man shafawa. A tara mata 'yan watanni, a yi biki, a ɗauki hoto, a miƙa wa kowace takarda da keke, shi ke nan. Ba na raina ɗinki, Allah ya sani ya rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma ku ƙidaya teloli mata a unguwarku. In kowane gida da keke, wa za ta kai wa wa ɗinki? Aikin ba ya kankama sai gab da Salla, bayan Salla kuwa keke ya zama marataya zane.

Kakanninmu ba su jira wata makaranta ba. Mace ta kan gurje audugarta, ta saɓe, ta ɗauki mazari da alli ta kaɗa zare, ta aika kasuwa masaƙa su saya, kuɗin kuwa nata ne, ba na miji ba. Sa'an nan Turawa suka zo da bukatarsu. A 1902 aka kafa kamfanin BCGA a Mancista ta ƙasar Ingila, domin a samo wa masaƙunsu auduga. Aka kawo irin Amurka, aka kafa injin gurza a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda ta ratsa Funtuwa wajen ƙarshen shekarun 1920. Gari ya bunƙasa, ba mai musun wannan. Maza suka koyi awo da kanikanci da aikin akawu. Auduga ta riƙa fita a dauri, tana komowa akoko da atamfa, mazari ya kwanta. Ba wanda ya tambaya, to, su masu kaɗin nan me za a koya musu a madadinsa?

Haka kuma aka yi a 1975, lokacin da aka fara babban aikin gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Shi ya baza takin zamani da sabon irin masara, har masara ta zama uwar amfanin gona a ƙasar nan. Aka horar da malaman gona, su kuwa suka bi maza gonakinsu. Matan da ke ɓare masarar, su sheƙe, su surfa, su adana, ba a waiwaye su sosai ba sai wajen ƙarshen shekarun 1980, da aka buɗe sashen mata a ayyukan gona na ƙasa.

Me ya sa na tono wannan? Domin a 2024 an buɗe tashar kaya ta tsandauri a Funtuwa, inda a ke nufin a riƙa tattara kaya a yi musu takardun fita waje ba sai an je Ikko ba. Wannan shi ne jirgi na uku. In harkarta ta kama sosai, za ta bukaci masu awo, da masu tantance hatsi su ce wannan lamba ɗaya ne wannan lamba biyu, da masu ɗura kaya a buhu da kwali, da masu lissafi a kwamfuta. In ba a samu a gida ba za a ɗauko daga wani wuri, 'ya'yanmu kuwa su tsaya bakin ƙofa da farantin gyaɗa a ka.

Bari in yi muku misali da abin da ke cikin rumbunku. Masara da gyaɗa in aka shanya su a ƙasa, ko aka ɗura su ba su gama bushewa ba, su kan yi fumfuna. Fumfunar nan tana haifar da wata guba da ido ba ya gani, dahuwa ba ta kashe ta, tana cin hanta, tana tsumburar da yara. Masu saye daga waje suna aunawa, in sun same ta su ƙi kayan. Wake kuma, ai kun san yadda a ke barbaɗa masa maganin ƙwari ba awo. A 2015 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda wannan. Alhali kuwa akwai buhu mai ciki uku, leda biyu da buhu a waje, wanda in aka ɗaure shi tamau iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu da kansa, ba a sa ko ɗigon magani ba. Yarinyar da ta san shanya a kan tamfol, ta san gwada bushewar hatsi, ta san adana shi daga kaka zuwa bazara ta kuma rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wallahi tana da sana'a, ko da ba a yi mata biki ba. Haka tumatirin Danja da a ke yankawa a baza gefen titi ƙura na bi ta kansa. Haka waken suya, wanda mun tsaya a awara kawai.

Akwai kuma wata kasuwa da ba mai iya cinta sai mace, ita ce ta cikin gida. Awaki da tumaki da kaji galibi na mata ne, suna kuma ɗaure a inda aka rubuta ba shiga. Malamin dabbobi namiji ya tsaya a zaure. Annoba ta zo da hunturu ta share kaji, a ce ƙaddara. In da a kowace unguwa akwai yarinya guda da aka koya wa allurar rigakafi da ba da maganin tsutsar ciki, da ta ci abinci, da mu ma mun tsira da dukiyarmu. Wayar hannu fa? Matan aure nawa ne wayarsu ta lalace suka jefa ta a adaka, don ba sa son miƙa wa wani saurayi a kasuwa hotunansu? Injin markaɗe na mace ne, amma in bel ya tsinke ko dutse ya cinye sai a zauna jiran makanike kwana biyu. Kada kowa ya ce muku hannun da ya iya kwance keken ɗinki ya sa masa mai ba zai iya riƙe sifana ba.

Ku dubi Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan Naira 20. Ginin tukwane ta koya a gida tun tana ƙarama. A 1954 ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, garin da a ke kira Suleja yanzu, ita ce mace ta farko. Can ba a ce ta yar da abin da ta iya ba, ƙara mata aka yi da sabon gashi da sabon shafe, har tukwanenta suka kai Landan. Irin horon da na ke nema ke nan, wanda zai ɗora a kan abin da ke hannunmu.

Ku 'yan makaranta, kada ku ji wannan ku ce to a ajiye littafi. Makarantar ungozoma ta Malumfashi ba ta karɓar yarinya sai ta ci Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Kowace sana'a da na lissafa a sama tana bukatar awo da ƙidaya. Wadda ta gudu daga lissafi a aji, za ta gamu da shi a kasuwa, can kuwa da kuɗinta za ta biya.

Ku kuma iyaye, kafin ku ba da 'ya wurin koyo ku yi tambaya, ba rashin kunya ba ne. Wata nawa za a yi, kuma kayan aiki nawa ne ga ɗalibai nawa? Wa zai yi jarrabawa? Akwai hukumar NABTEB da aka kafa a 1992 domin jarrabawar fasaha da kasuwanci, takardarta dabam ta ke da wadda aka buga don ranar biki. Tambaya mafi nauyi kuwa ita ce, waɗanda suka gama bara suna ina? In aka yi ta kame-kame, kun sami amsa. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar karatu kyauta a kwalejojinta na fasaha, har da ɗan kuɗin wata. A sa maigida ko wa ya je ya tambayi shugaban makaranta yadda abin ya ke, kada a tsaya ga jita-jitar gidan suna.

Na san abin da ke ran da yawa daga cikinku. Tun da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara a Disamba 2020, uwa ba ta barci in 'yarta na makarantar kwana, balle mutanen Faskari da Sabuwa da Dandume da suka ga abin da suka gani. Ba zan ce da ku ku cire tsoro ba. Abin da zan ce da hukuma shi ne, in yarinya ba ta iya zuwa wurin horo, a kawo horon kusa da ita, na jeka-ka-dawo, a cikin gari, da rana. A kowace unguwa akwai gwanaye, mai man gyaɗa, mai daddawa, mai kiwo. A zaɓe su, a ƙara musu sani, a biya su ladan koyarwa, sa'an nan a aiko mai jarrabawa ya gwada yaransu ya ba su takarda. Wannan bai kai kuɗin ginin da za a yi wa fenti a kulle ba.

Wadda a garinsu akwai wurin koyon sana'a na mata, ta rubuto mini abin da a ke koyarwa da yawan kayan aikin da ta gani da idonta. Za mu buga a wannan fili in Allah ya yarda. Mako mai zuwa kuma za mu duba yadda a ke ɗaure buhun nan mai ciki uku, da kuskuren da a kan yi wajen ɗaurin.