Binciken da ba ya buƙatar firiji mai tsada, Tamale ma za ta iya

Duk wanda ya taɓa riƙe kalangu ya san fata ba ta motsi sai an taɓa ta. To, masana fiziks sun daɗe da gano cewa haske ma yana tura abu, sai dai turin ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. Idan aka kulle igiyar maikurowef, dangin wadda wayoyinmu ke aiki da ita, a cikin akwatin ƙarfe, aka sa siririyar fata a gefe guda, igiyar tana tura fatar, motsin fatar kuma yana sauya igiyar. Da haka ake auna motsin da ido ba zai taɓa gani ba. Vladimir Braginsky ya gwada wannan a Mosko tun wajen 1970.

A 2011 masana a cibiyar NIST ta Amurka suka kwantar da rawar wata 'yar ganga ta alminiyom, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, har kusan iyakar da kimiyya ta yarda. Amma sai da suka sanyaya ta zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili. Firijin da ke yin haka kuɗi ne tsababa, kuma ba ya jure ɗaukewar wuta. Mu da muka sha dumsor, ai mun san inda zancen ya tsaya.

Shi ya sa gwajin da ake yi a zafin ɗaki ya shafe mu. Gaskiya ne zafi yana sa fatar rawa, ba za a samu natsuwar da Amurkawa suka samu ba. Amma ya isa a ƙera na'urorin awo masu kaifi, ya kuma isa a horar da ɗalibi da hannunsa. A ganina jami'ar UDS da Jami'ar Fasaha ta Tamale su haɗa hannu su buɗe ɗaki ɗaya na wannan aiki.

Wani zai ce, Malam, ruwan famfo ma ya gagare mu. Haka ne. Amma a Kuntunse kusa da Akara, tsohon faifan sadarwa mai faɗin mita 32 aka mayar na'urar sauraron taurari, aka buɗe ta a 2017, kuma da maikurowef take aiki. Tana buƙatar injiniyoyi. Iyayenmu na zango, in yaro ya ce fiziks yake so, don Allah a daina lallashinsa ya koma aikin jinya.