Teɓa Ba Arziki Ba Ce

A cikin shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa, bisa ga lissafin 2022, mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta wuce kima, kuma yawan manya masu irin wannan ƙiba ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. Wanda ya ji wannan labari a Gagarawa Tasha ko Sule Tankarkar yana iya cewa wannan zancen mutanen Turai da Amurka ne, waɗanda abinci ya yi wa yawa. Ba za a ga laifinsa ba, gama binciken lafiyar jama'a da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa yara 64 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Jigawa sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki.

Amma fa binciken nan ya tono wani abu kuma. Ya nuna mata 28 cikin 100 a Nijeriya, masu shekara 15 zuwa 49, nauyinsu ya zarce yadda ya kamata, alhali kuwa a 2008 ba su wuce 22 cikin 100 ba, kuma abin ya fi tsanani a birane da gidajen masu abin hannu. Watau dai yunwa da ƙiba suna zaune a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya: ga yaro da tamowa, ga maigida da tumbi. Masana sun kuma gano cewa yaron da ya tsumbure, idan ya girma ya sami abinci mai maiƙo da zaƙi a wadace, ya fi saurin kamuwa da ciwon sukari da hawan jini. Saboda haka wannan magana ta shafi ƙasar Gumel ƙwarai da gaske, musamman ma'aikatanta da ɗalibanta.

YADDA ZAMA YA SAKE

Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, Gagarawa ta zama tashar da ake loda gyaɗar ƙasar Gumel. Mutanen wancan zamani da ƙafa suke zuwa gona da kasuwa, da guga suke jan ruwa daga rijiyoyi masu zurfi, mata kuwa kullum suna kan turmi da dutsen niƙa. Abincinsu tuwon gero ne da na dawa, da fura da nono, da ɗanwake, da miyar kuka ko yakuwa. Duk abin da mutum ya ci, aiki ya cinye shi kafin dare.

Har yanzu haka yawancin manoman karkara suke, kuma ba su ne abin nufi a nan ba. Wanda zamansa ya sake shi ne mai albashi. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, ofisoshi da makarantu sun yawaita a ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ma'aikaci yakan karya kumallo da burodi da shayi mai kauri, ya hau babur ko mota zuwa sakatariya, ya wuni a kan kujera, da rana ya ci farar shinkafa ko taliya da mai, ya kora da lemon kwalba, da dare kuma ya zauna a majalisa ana kawo tsire da balangu. Cin ya ƙaru, wahalar jiki ta ragu, rarar kuwa ba ta da wurin zuwa sai ta taru ta zama kitse.

Tsadar rayuwa ba ta kawar da matsalar ba. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Idan aljihu ya yi rauni, abin da ake fara yankewa shi ne nama da ƙwai da kifi da 'ya'yan itatuwa, a koma ga abin da zai cika ciki da araha, watau sitaci da mai da sukari. Ta haka mutum yakan yi ƙiba alhali jikinsa na kukan rashin abin gina shi.

Ga kuma al'ada. A ƙasar Hausa an saba ɗaukar teɓa a matsayin alamar hutu da wadata. Idan aka yi wa mutum ƙarin girma, ana jiran a ga wuyansa ya yi kauri. Amarya kuwa idan ba ta yi ƙiba ba sai a ce mijin ba ya riƙonta da kyau. Har akwai 'yan mata da ke shan ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" don su cika, ba tare da sanin cewa waɗansunsu suna jawo hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi ba. Gaskiyar magana ita ce, kitsen da ya taru a ciki yana hana jiki sarrafa sukari yadda ya kamata, yana ɗora wa zuciya da gwiwoyi kaya, kuma shi ne sau da yawa ke share fage ga shanyewar ɓarin jiki. Magidancin da ya kwanta da irin wannan ciwo yana ɗan shekara hamsin, albashinsa da giratutinsa a kantin magani za su ƙare, karatun 'ya'yansa kuma ya tsaya.

A FARA DA AWO

Wanda ya yi niyyar rage ƙiba, matakin farko shi ne ya san inda yake. Likitoci suna da lissafi mai sauƙi: a auna tsawon mutum da mita, a ninka adadin da kansa, sa'an nan a raba nauyinsa na kilo da abin da aka samu. Idan amsar ta kai 25, nauyi ya fara yawa. Idan ta kai 30, ƙiba ta zama cuta. Alal misali, mai tsawon mita 1.70, da ya haura kilo 72 ya shiga sahun farko, da ya kai kilo 87 ya shiga na biyu. Wanda ba shi da sikeli yana iya aron tef ɗin tela ya zagaya cikinsa ta wajen cibiya. Abin da ake so shi ne kada awon ya kai rabin tsawonsa. Ya kamata kuma ya je Babban Asibitin Gumel ko asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a gwada jininsa da sukarinsa, domin cututtukan nan biyu sukan daɗe suna ɓarna ba a sani ba.

Mataki na biyu shi ne kada a yi dogon buri. Wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum fiye da 3,000 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, ya ba da darasi mai amfani. An nemi kashi ɗaya daga cikinsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako. Kamuwa da ciwon a cikinsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba magani kawai ta ragu da kashi 31. Ma'anar wannan ita ce, mai kilo 90 ba sai ya koma kamar sillen kara ba. Idan ya zubar da kilo shida ya riƙe hakan, ya ci riba babba. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana.

ABIN DA ZA A GYARA A AKUSHI

Abu mafi sauƙin farawa da shi shi ne abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau ƙaramin cokali 12. Lemon kwalba mai rabin lita guda ɗaya yakan cika wannan adadi shi kaɗai, ba a zo ga shayin safe ba, balle kunu da zoɓo da furar da yanzu ake zabga wa sukari. Wanda ya mayar da ruwa abin shansa, ya kuma riƙa rage cokali ɗaya daga shayinsa kowane mako har harshensa ya saba, ya yi rabin aikin.

Na biyu shi ne mai. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da ƙarfin abinci, wanda masana ke aunawa da kalori, fiye da ninki biyu na giram ɗaya na hatsi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120. Uwargidan da ke tuttula mai daga kwalba, idan ta koma aunawa da cokali, ta taimaki lafiyar gida da aljihun maigida gaba ɗaya. Soye-soye irin su fanke da ƙosai da cincin sai a mayar da su na jefi-jefi. Gishiri kuma, ko da yake ba ya sa ƙiba, yana ta da jini. Abin da aka yarda shi ne ƙasa da giram biyar a yini, har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano.

Na uku shi ne yawan abin da ake ci. Ba a ce a bar tuwo ba, amma mai zaman ofis ba ya bukatar malmalar mai huɗa. A raba akushi huɗu: kashi biyu ganye da kayan lambu, kashi ɗaya tuwo ko shinkafa, kashi ɗaya wake ko kifi ko nama maras kitse. A nan ƙasar Gumel ta yi sa'a, domin abin da ake bukata a gonakinta yake. Gero da dawa waɗanda ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa da fulawa riƙe ciki, kuma ba sa saurin ta da sukari kamarsu. Ba banza ba Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero. Ga wake, ga zogale da rama da tafasa na kwaɗo, ga kabewa da kuɓewa da yalo, ga nonon da Fulani ke kawowa. Wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zai iya haɗa cefanen mako na irin wannan abinci ba tare da ya sayi ko gwangwani ɗaya ba.

Sai motsa jiki. Ƙa'idar ita ce minti 150 zuwa 300 a mako, watau aƙalla tafiyar rabin awa da ɗan sauri, kwana biyar. A ƙasa mai zafin rana irin wannan, bayan asuba ko bayan la'asar ya fi dacewa. Wanda ofishinsa bai wuce kilomita biyu daga gida ba, idan ya ajiye babur ya taka, ya cika ƙa'idar, ya kuma tsira da kuɗin mai. Da damina ma'aikaci mai gona ya riƙa kama fartanya da kansa. Ɗalibai, irin na Kwalejin Ilimi ta Gumel, su lura cewa yanzu ne suke kafa ɗabi'ar da za su shiga aiki da ita. Watan azumi ma dama ce, in ba a mayar da buɗa-baki gasar soye-soye da zaƙi ba. Sai dai mai ciwon sukari ko hawan jini da ke shan magani, da mace mai ciki ko mai shayarwa, lalle su nemi shawarar likita kafin su sake tsarin cin abincinsu.

HANYOYIN RATSE

Kasuwa cike take da shayin rage tumbi da jiƙe-jiƙe da ake talla a rediyo da wayar hannu. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa. Ruwan jiki ne ke fita, kitse yana nan daram, ƙoda kuwa tana shan wahala. Haka nan horon kai da yunwa: mutum ya rame cikin mako biyu, ya gaji, ya koma gidan jiya har ya zarce da. Akwai kuma sababbin allurai irin su Wegovy, wadda aka amince da ita a Amurka a 2021. An tabbatar tana rage kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyi, amma tsadarta ta fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, sai da kulawar likita, kuma an ga waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda.

NAUYIN HUKUMA

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗaiɗaikun mutane dukkan kayan. Dokar Kuɗi ta 2021 ta sa harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari, aka fara karɓa a 2022, amma hauhawar farashi ta mayar da shi abin da mai saye ba ya ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna sai haraji ya ɗaga farashi da kamar kashi 20 cikin 100 kafin sha ya ragu sosai. Ya kamata a sake duba shi, a kuma zuba abin da aka tara a kan ciyar da yara da gwajin cututtuka.

A matakin jiha da ƙananan hukumomi akwai abubuwa masu araha. A tabbatar kowane asibitin sha-ka-tafi yana da sikeli da na'urar gwajin jini da ta sukari masu aiki. A keɓe rana ɗaya a shekara a auna ma'aikata a sakatariya. A tarurrukan gwamnati a riƙa raba ruwa maimakon katan-katan na lemo. A gyara filayen wasa na makarantu, a kuma samar wa mata wurin motsa jiki da ya dace da mutuncinsu, domin su ne abin ya fi shafa, su ne kuma suka fi rashin wurin.

Ƙasar da ke yaƙi da tamowa ba ta da halin buɗe wani fagen yaƙi da ciwon sukari da shanyewar jiki. Kuɗin da magidanci zai rage daga lemo da sukari da soye-soye, idan ya sayi ƙwai da wake da nono ya ba yaransa, ya magance matsala biyu a lokaci ɗaya. Ma'aikata da ɗalibai su ne jama'a ke kallo suna koyi. Idan suka daina auna arziki da girman tumbi, saura ma za su daina.