A Sayar Da Kujera, Amma Kada A Sayar Da Layi

Kowace safiya ina tsaye a farfajiyar makarantarmu a nan Malbaza ina jera yara kafin a ɗaga tuta. Ɗan mai shago, ɗan leburan kamfanin siminti, 'yar manomin albasa daga wajen Galmi, kowa bayan wanda ya riga shi zuwa. Wanda ya tsallake layi sai ya koma can ƙarshe, ko ɗan wane ne. Shekara ashirin ke nan ina wannan aiki. Bara ne na gane cewa darasin nan nawa iyakarsa bakin ƙofar makaranta.

Bayan shekaru ina zubin adashi, Allah ya nufa na kai mahaifiyata Umara. Muka shiga mota daga Ƙonni, muka bi ta Dogon Dutsi da Doso har filin jirgin Diori Hamani a Yamai. Abin da zan ba ku labari ba can ya faru ba. A wani ƙaton filin jirgi ne na wata ƙasa inda muka canja jirgi, kuma ba zan kama suna ba, tunda ba su kaɗai ke yi ba.

Inna ta haura saba'in, gwiwoyinta kuma sun daɗe da gajiya. Muka tarar da layin bincike ya nannaɗe kamar igiyar guga, mutum ɗari da wani abu, da masu goyo da masu sanda. A gefenmu ga wata hanya an shimfiɗa mata jar darduma, da na'urarta, da ma'aikatanta suna tsaye suna hira don babu wanda za su bincika. Jefi-jefi sai wani ya zo da 'yar jakarsa, ya nuna tikiti, ya shige. Inna ta dafa kafaɗata ta ce, "Malam, waɗancan marasa lafiya ne?" Na ce, "A'a Inna, masu tikitin gaba ne, kuɗinsu ya fi namu." Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah ya ƙara musu." Ita ta yafe. Ni har yau ban yafe ba.

Kada wani ya ce hassada ce. Mai kuɗi ya sayi kujerar da ke miƙewa ta zama gado, ya ci nama a faranti mu mu ci a leda, ya jira jirgi a falo mai sanyi, a ba shi kilo ninkin namu. Duk wannan haja ce ta kamfanin jirgi, ya sayar wa wanda ya ga dama, kamar yadda mai mota ke sayar da gidan gaba. Bincike kuwa wani abu ne dabam. Hukuma ce ke tsayar da kai, ta sa ka cire takalmi da ɗamara, ta laluba jikinka, ta buɗe kayanka a gaban jama'a. Mun yarda da wannan ne saboda ran kowa da ke cikin jirgin. Da aka karɓe kwalbar zumar Inna don ta wuce mililita 100 ban yi musu ba. Dokar ta samo asali ne tun 2006, lokacin da aka bankaɗo a Ingila shirin tarwatsa jirage da abin fashewa na ruwa. Abin da aka kafa don tsare rai, yaya za a yanka shi gida biyu a manna wa ɗaya farashi?

Za a ce ai su ma ana bincikarsu, layin kawai aka gajarta musu. Haka ne. Amma lissafin nan ko ɗan aji huɗu zai yi shi: in na'ura huɗu ce aka ware ɗaya don mutum goma, sauran ɗaruruwan a kan uku za su taru. Mintin da aka rage wa mai tikitin gaba daga ƙafar wata tsohuwa aka ciro shi. Kuma harajin filin jirgi da na tsaro a cikin kuɗin tikitin kowa yake, har da nata.

Akwai kuma abin da jar dardumar nan ke raɗa wa ma'aikaci kullum ba tare da an rubuta ba: wannan babban mutum ne, a yi masa da sauri, a yi masa da fara'a; wancan mai buhun kaya shi ne abin zargi. Tarihi bai goyi bayan wannan zato ba, kuma mu 'yan Nijar bai kamata a tuna mana ba. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Barazabil, ya yada zango a Njamena zai tafi Paris, ya tarwatse a sararin hamadar Tenere, cikin ƙasarmu. Mutum 170, babu wanda ya tsira, har da matar jakadan Amurka a Chadi. Bom ɗin a cikin akwati yake, kuma bai tambayi lambar kujerar kowa ba. Waɗanda kotun Faransa ta yanke wa hukunci a bayan idonsu a 1999 'yan Libiya shida ne, cikinsu har da Abdallah Sanusi, surukin Gaddafi. Manya ne, irin waɗanda ake buɗe wa ƙofa ana sara musu.

Maharan 11 ga Satumba 2001 a Amurka su 19 ne, kuma yawancinsu kujerun gaba masu tsada suka saya, domin can ne kusa da ɗakin matuƙi. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tayar da bom a jirgin Amsterdam zuwa Detroit ranar Kirsimeti ta 2009, ɗan gidan wadata ne da ya yi karatu a Landan. Mahaifinsa ma, a yaba masa, ya riga ya kai gargaɗi ofishin jakadancin Amurka a Abuja. Da abin ya faru, Amurka ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu bincike, wato ɗan kasuwar Sakkwato da ɗalibin Katsina su ne suka biya bashin.

Mafi yawan iyayen ɗalibaina ba za su taɓa hawa jirgi ba sai in Allah ya kira su Makka. Amma sun san wannan darduma, ko da ba ja ba ce. Sun san ta a kan hanyar Yamai, inda ake sauke fasinjan babbar mota kaf a shinge, a jera su cikin rana kowa da katin shaidarsa a hannu, sai ga wata luntsumemiya mai baƙin gilashi ta taho, a ɗage mata igiya ko tsayawa ba ta yi ba. Ban ce a daina bincike ba, a wannan zamani da muke ciki wa zai ce haka? Tambayata ita ce, in mai mugun nufi yana neman hanyar da zai wuce da kayansa, cikin wace mota zai sa su?

Abin da ya fi ci mini rai, a matsayina na malami, shi ne wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ke da ikon ƙara na'ura, ya ƙara ma'aikata, ya sa benci don tsofaffi, shi ne aka fitar daga layin tun farko, ta ƙofar manyan baƙi ko ta tikitin da baitulmali ya saya masa. Bai taɓa jin zafin ba, don me zai gyara? Mu a makarantun gwamnati mun san cutar nan sarai. Tun da 'ya'yan masu yanke shawara suka koma makarantun kuɗi, ajin zana da yara a ƙasa ya daina hana kowa barci.

In dole sai an yi gajeren layi, a yi shi, amma a rubuta a bakinsa: tsofaffi, masu ciki, masu goyo, naƙasassu da marasa lafiya. Ma'aikatan jirgin su bi ta nan, tunda aikinsu ne. Minista da attajiri su shigo bayan wanda ya riga su zuwa, in sun wuce na'ura su tafi falonsu su sha shayi, babu mai tare su.

Da muka dawo gida na ba 'yan ajina labarin tafiyar, har da hanyar nan mai darduma. Wata yarinya a bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, nawa ake biya a nan makaranta in mutum yana son ya tsaya a gaba?" Yara suka fashe da dariya. Ita ba ta yi dariya ba, amsa take jira.