Raddi Ga Mai Cewa Madagaska Ɓallin Mozambik Ce

Wani malamin labarin ƙasa yana ta yaɗa cewa tsibirin Madagaska dunƙulallen yanki ne da ya ɓalle daga gaɓar Mozambik, aman wuta ya ƙarasa gina shi. Magana ce mai daɗin ji, amma duwatsun tsibirin sun ƙi ba ta shaida.

Hujjarsa ta farko taswira ce: wai in aka matso da tsibirin yamma, zai zauna daram a lungun Mozambik. Wannan aikin ido ne, malam. Alamun maganaɗisu da ke ƙasan teku sun nuna daga arewa ya gangaro, daga wajen gaɓar Somaliya da Kenya da Tanzaniya. Ya soma rabuwa kimanin shekara miliyan 165 da suka wuce, ya zame kudu ta tsagin Davie, bai tsaya ba sai wajen shekara miliyan 120 baya.

Sai batun dunƙulewa, inda malam ya fi yin nisa da gaskiya. Kashi biyu cikin uku na tsibirin, ɓangaren gabas, tsohon dutse ne tun kafin zamanin Kambiriya, kuma ana auna shekarunsa da zarkon. Zarkon wata 'yar ƙwaya ce da ba ta kai tsabar yashi ba. A farfasa dutse a tsamo ta, a duba yawan yuraniyon cikinta da ya rikiɗe ya zama darma, sai ta faɗi shekarunta. To, me ta faɗa? A Antongil, arewa maso gabas, akwai duwatsun da suka haura shekara biliyan 3. Na tsakiya, kewayen Antananaribo, kimanin biliyan 2.5 ne. Bemarivo a arewa yaro ne a gabansu, mafi yawa miliyan 750 ko kusa da haka. Vohibory a kudu maso yamma kuwa ragowar tsibiran tsakiyar teku ne da aka matse aka liƙa. Yaya za a kira wannan dunƙule? Rigar faci ce, kowane ƙyalle da asalinsa. Ɗinkin ya auku tsakanin shekara miliyan 650 da 500 da suka wuce, lokacin da wani tsohon teku ya rufe, nahiyar Gondwana ta haɗu. Zafi da matsin wannan karon ne suka toya duwatsun kudu har suka ba da girafait ɗin da ake haƙa yau.

Aman wutan fa? Ba mu musa duwatsun aman wuta na Ankaratra da Itasy ba, suna nan. Sai dai na jiya-jiya ne, sun huda tsohon dutse sun zube a kansa. Da tsibirin Reyuniyon, wanda aman wuta ya gina, malam yake nufi, da mun yi shiru.

Ya kuma fake da cewa masana sun saɓa. Ƙwarai sun saɓa, amma a kan me? Alan Collins da Brian Windley sun ce akwai layin ɗinki, Betsimisaraka, tsakanin Antongil da tsakiyar tsibirin, wato a dā teku ya raba su. Robert Tucker da abokan aikinsa sun ce a'a, sassan biyu a haɗe suke tun shekara biliyan 2.5, cikin babban tsohon dutsen Dharwar na kudancin Indiya. Dukkansu sun yarda Antongil ɗan'uwan Dharwar ne, kuma Madagaska ba ta saki Indiya ba sai kimanin shekara miliyan 88 da suka wuce, bayan ta daɗe da barin Afirka. A hujjojin malam kaf ba mu ji ya ambaci Indiya ba.